Kwana Biyu a Wurno, Tsakanin Hubbaren Bello da Fadamar Tafarnuwa

A bakin mahaifiyata na fara jin sunan Wurno, kuma ba a zancen tarihi ba. In za ta aike ni kasuwar 'Yankaba sayen kayan miya, sai ta ja mini kunne: "'Yar Wurno za ka sayo, ƙananan nan masu yaji. Kada a haɗa ka da manyan nan farare na waje, ba su da ƙamshi." Tafarnuwa take nufi. Sai da na shiga sakandare malaminmu na tarihi ya gaya mana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ba a Sakkwato aka binne shi ba, kabarinsa yana Wurno. Ranar na dawo gida ina ta juya abin a raina, yadda gari ɗaya zai zama na tafarnuwa a wurin uwata, ya zama na Sarkin Musulmi a wurin malamina.

Shekaru sun ja kafin Allah Ya nufe ni da zuwa. Wani abokina da muka yi karatu tare, ɗan garin ne, ya daɗe yana cewa in zo in ga fadamarsu kafin a cire amfani. A watan Fabrairu, sanyi ya fara ja da baya amma hazo bai gama washewa ba, na kwana a Sakkwato, da sassafe muka nufi tasha.

Motar ƙarama ce, mu shida ban da direba, ga buhun taki biyu da jarkokin man fetur an ɗaure a but. Kafin mu tashi direban ya ce duk mai niyyar komowa yau ya tabbata ya kamo hanya kafin la'asar, shi ba ya tuƙin yamma a hanyar gabas. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Hanyar nan ita ce mai zuwa Goronyo da Sabon Birni, kuma kowa a motar ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan yanki, har da harin da suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Muka yi addu'ar tafiya, muka wuce Acida, muka bar babban titi. Awa guda ba ta cika ba sai ga Wurno.

Garin a kan tudu yake. Wannan shi ne abin da ya fara kama idona, kuma da ka gan shi ka fahimci rabin tarihin. In ka tsaya a gefen tudun ka dubi ƙasa, kwarin Gulbin Rima ne shimfiɗe, kore shar a tsakiyar rani, iya ganinka. Bayanka kuwa jar ƙasa ce da duwatsu da busassun karan gero. Wanda ya zaɓi wurin nan ya san yaƙi, ya kuma san noma: daga sama ana hango mahayi tun yana nesa, daga ƙasa kuma ga abinci.

Bello ya hau mulki a 1817 bayan rasuwar Shehu, ya kuwa sami daula wadda iyakarta ta arewa da gabas ba ta kwanta ba. Gobirawa ba su haƙura da faɗuwar Alƙalawa ba, ga Azbinawa, ga Katsinawan Maraɗi. Dabarar da ya yi ita ce kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda mutum zai zauna da iyalinsa, ya yi noma, ya yi karatu, ya kuma yi tsaro. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su kama gona. Wurno ita ce babba a cikin waɗannan garuruwa, shi da kansa ya koma can da zama. A 1836 ya fita yaƙin Gawakuke ya yi nasara, a 1837 ya rasu a Wurno yana zaman ribaɗi.

Hubbaren muka fara zuwa, don mahaifin abokina ya ce baƙo ba ya shiga fadama bai gai da mai gari ba. Muka cire takalma a waje. Wurin shiru, ba ado mai yawa, sai wasu tsofaffi zaune a inuwa da tasbaha, da mata 'yan ziyara da suka zo daga wani ƙauye. Na yi sallama, na yi addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai a wurin shi ne wasiƙar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa. A cikinta ya lissafa wa mai mulki aikinsa, kuma bai tsaya ga sallah da shari'a ba: ya ce a kula da manoma da maƙera da masu sauran sana'o'i, a gina garuruwa, a gyara kasuwanni da hanyoyi, a tanadi abinci saboda ranar buƙata. Mu yau in mun tuna Bello, malanta da takobi muke tunawa. A ganina mun manta cewa mutumin nan ya ɗauki gona da kasuwa a matsayin aikin sarauta.

Bayan shi ma Wurno ba ta mutu ba. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya zauna, kuma a zamaninsa Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853. Nana Asma'u ta zauna a nan tare da mijinta Waziri Giɗaɗo, tana karantar da mata, jajis ɗinta, wato matan da ta horar su karantar, suna kai karatu ƙauyuka. A 1885 wani Bature mai suna Thomson ya zo wurin Sarkin Musulmi Umaru neman yarjejeniyar ciniki a madadin kamfanin Ingilishi, kuma irin waɗannan takardu ne Turawa suka riƙa kafa hujja da su daga baya. Da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mulki ya tattara a birni, Wurno ta koma gunduma a ƙarƙashin Sarkin Sudan. Marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadan Najeriya a Afirka ta Kudu, ya daɗe yana riƙe da wannan sarauta. Yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum sama da dubu 160.

Fada ta tashi, amma fadama ba ta tashi ba.

Da azahar muka gangara. Mahaifin abokina dattijo ne siriri, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafarsa duk ta tsage saboda ruwa da sanyi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Sannu da tahiya, ɗana. Kun iske mu cikin aiki." Na ce, "Baba, aikin na zo gani." Ya yi murmushi ya wuce gaba, muna binsa a kan kunya, ɗaya bayan ɗaya, don kada mu taka shuka.

Tun kafin ka ga tafarnuwa hancinka ya gaya maka ka iso. An yanka gonar fangali-fangali, kowane da ɗan bakinsa da ake toshewa da laka. Injin ban ruwa yana ta ƙugi a gefe, ya zuƙo ruwa daga rijiyar da aka haƙa da bututu a cikin gonar, ruwan ya bi 'yar magudana. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana tsaye da fartanya: ya buɗe bakin wannan fangali, ya jira ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube mu ba, don in ya yi sakaci ruwa ya karya kunya, man da aka ƙona ya tafi a banza.

Baba ya tsuguna ya tuge guda ɗaya, ya kaɗe ƙasar, ya ɓare da farce ya miƙo mini. 'Ya'yan ƙanana, a matse, ɓawon da ɗan ja-ja. Ita ce dai wadda ake aikena in sayo. Ya ce ba a shuka tafarnuwa da ƙwayar iri kamar albasa; kan ake ɓarewa, a zaɓi 'ya'ya masu ƙwari, a dasa ɗaya-ɗaya da hannu in sanyi ya shigo, wajen watan Nuwamba. Sanyin nan shi take so. In aka makara zafi ya riske ta, kan ba zai yi girma ba. Wata huɗu ko fiye tana shan ruwa da taki da cirar ciyawa, in ganyen ya fara rawaya ya kwanta sai a ɗauke mata ruwa, a tuge, a shanya. Mata su ke yawancin aikin ɓara da gyara a cikin gida, kuma nan suke samun na kansu.

Gaba kaɗan albasa ce, an riga an fara cirewa, an tara ta tsibi-tsibi an rufe da lawashinta saboda rana. Lawashin ma ba a yar da shi, a kan daka shi a shanya ya zama gabu. Can ƙasa inda ruwa ya fi kwanciya shinkafa ce, wani gefen kuma alkama ta fara ja. Da damina tudu ne ke aiki, gero da dawa da wake, fadama kuwa shinkafa. Wato mutumin Wurno ba shi da watan hutu.

Muka zauna a gindin wata bishiya aka kawo fura da nono, sai na tambayi Baba abin da ya fi damunsa. Na zaci zai ce taki. Ya nuna jarkar da ke kusa da injin ya ce, "Ruwa na nan ƙasa, ɗana. Hidda su shi na wahala. Lokacin da munka tashi, da jigo aka ban ruwa, ƙarhinka kaɗai kaka kashewa. Yanzu in babu mai, babu gona." Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka, kuma shuka ba ta san an yi tsada ba, ranar shan ruwanta in ta zo sai an ba ta. Wanda ba shi da kuɗi a hannu sai ya ci bashi wurin ɗan kasuwa, da sharaɗin in an cire shi za a sayar wa.

Ruwan ma kansa yana da fuska biyu. Madatsar Goronyo tana sama da su a kan gulbin, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ke riƙe Rima da rani. Amma a watan Satumban 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta shafe gonaki da ƙauyuka a kwarin, har yau in ana hira da ita ake kwatance. Madatsar Lugu, wadda ke shayar da filin noman rani na Wurno, ita ma ambaliya ta lalata ta, manoma suka yi shekaru suna kiran a gyara. A tsakanin nan kowa ya koma ga injinsa da jarkarsa.

Wurin da raina ya fi sosuwa shi ne zancen ajiya. Kowa a lokaci ɗaya yake cire albasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Bayan wata biyar ko shida, in damina ta yi nisa, buhun nan zai ninka kuɗinsa. Duk manomi ya san haka. Baba ya kai ni bayan gidansa ya nuna mini rudu, rumfar kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. A nan ake jibge albasa, ana shiga lokaci-lokaci ana tsince ruɓaɓɓu. Zafin Afrilu da Mayu da laimar farkon damina suna cin kaso mai yawa. Tafarnuwa ta fi haƙuri, shi ya sa suke kiranta asusu. Amma mai bashi ba ya ajiya. Dillali ya zo da mota, a auna, ya cire la'adarsa, kaya su tafi Kano da Legas da Anaca, wasu su bi ta Illela su shiga Nijar. Da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har nan fadamar aka ji a jika, sai da aka buɗe a Maris na 2024. Wahalar a Wurno ake shanta, ribar kuwa a hannun wanda ya iya jira take, kuma wanda ya iya jira ba kasafai yake da laka a ƙafa ba. Ban ga dalilin da zai sa garin da ke cika kasuwannin ƙasar nan da tafarnuwa da albasa ya rasa ɗakunan ajiya na kirki da bashi mai sauƙi ba.

Da dare bayan isha muka zauna a ƙofar gida. Ba a daɗe ana hira ba samari suka fara fitowa da fitilu, masu sintiri ne, kowace unguwa da nata. Wani maƙwabci ya ce akwai gonakin da ke nesa da gari waɗanda bana ba a shuka ba, akwai kuma baƙin da suka taso daga ƙauyukan gabas suka raɓu da 'yan'uwa. Na dubi wajen da hubbaren yake cikin duhu. Kusan shekara ɗari biyu ke nan da aka kafa garin don mutane su yi noma da rana su yi tsaro da dare, ga shi jikokinsu sun koma yin haka.

Washegari Baba ya riga ni tashi. Na fito alwala na gan shi yana ɗaure jarka a bayan babur. Ya sa aka cika mini leda da tafarnuwar bara, na sa hannu a aljihu ya ɓata rai ya ce, "Kai wa innarka, ka ce ina gaishe ta." Kafin azahar muna Sakkwato.

Bayan sati shida na kira abokina in ji yadda aka ƙare. Ya ce an cire lafiya, tafarnuwa ta yi kyau. Albasar kuwa Baba ya sayar da fiye da rabi tun a bakin gona, ya biya kuɗin mai da na taki. Sauran tana cikin rudu, kullum da safe yana shiga yana tsincewa.