Mun je aikin bishara Nijar na kwana goma, fentin da muka shafa ko kaka bai kai ba

Tun ina ƙarami a cocinmu can wajen Malumfashi nake ganin turawan nan da ke zuwa daga Amurka su yi mana sati biyu, duk sanye da riga iri ɗaya, su raba alawa da balan-balan, su ɗauki yaro mai majina a hanci a kafaɗa a yi musu hoto, ranar tafiya su yi ta kuka kamar an yi mutuwa, daga nan kuma shikenan ba ka sake jin ɗuriyarsu ba. Da na girma abun ya riƙa ba ni haushi, har na taɓa cewa a taron matasa ai waɗannan yawon buɗe ido suke zuwa da sunan Yesu. To ashe dai bakina zai kama ni, don a watan Agusta na 2018 ni ne na tsallaka Nijar da tawagar matasan cocinmu na Kaduna, mu goma sha ɗaya, kuma harda riga iri ɗaya muka buga, an rubuta Matiyu 28:19 a baya, ayar da Yesu ya aiki almajiransa ga dukan al'ummai.

Mu a tunaninmu ba za mu zama kamar turawan ba, tunda yare ɗaya muke yi da mutanen, tuwo ɗaya muke ci, ni ma Bakatsine ne kuma Maraɗi ai Katsinawan da suka bar gida lokacin jihadi ne suka kafa masarautarta, har yau sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Mun yi wata uku muna shiri, ana tara baiko na musamman, zumuntar mata suka haɗa mana dila biyu na gwanjo, wani dattijo ya bada galan-galan na fenti, muka ari janareto da lasifika da na'urar majigi. Abu ɗaya ne kawai ba mu yi ba a duk wata ukun nan: babu wanda ya kira faston da za mu sauka wajensa ya tambaye shi Baba me kake bukata, kuma yaushe ya fi maka mu zo. Sanar dashi kawai aka yi cewa ga mu nan tafe.

Mun bi ta Katsina zuwa Jibiya, muka tsallaka Ɗan Isa muka shiga Maraɗi, kashegari muka kama babbar hanya ta Tsibiri da Gidan Rumji har Madawa, sannan muka sauka daga kwalta zuwa ƙauyen. Tun a tasha na fara gane cewa Hausar nan da muke taƙama da ita tana da iyaka. Na sayi ƙosai yarinyar tace ɗari, na miƙa mata sefa ɗari, ta tsaya tana kallona, ashe su da dala suke ƙirga kuma dala ɗaya sefa biyar ce, ɗarinta sefa 500 kenan. Makaranta lakwal, malamin makaranta mushe, likita kuma a wajensu asibitin ne kansa, mai duba ka lokotoro. Mu kuma bakinmu cike da turanci, kowace jimla sai mun tsoma guda biyu, tsofaffin sai dai su gyaɗa kai don kara.

Baba Fasto mutum ne da ya haura sittin, siriri, shekararsa sama da ashirin a garin. Membobinsa in an cika an batse ranar Lahadi ba su wuce talatin ba harda yara, a ƙasar da Kirista ba su kai ko kashi biyu cikin ɗari ba. Ya tarbe mu da fara'a, Mama ta dama fura, aka share mana ɗakin cocin maza suka kwana, 'yan matan aka kai su ɗakin Mama. Sai a kwana na uku na lura ashe Baba da ƙananan yaransa a rumfa suke kwana sabida mu, ga damina ga sauro.

Kuma maganar damina ita ce babbar wautarmu. Mun zaɓi Agusta ne don lokacin ake hutun makaranta, mu ya mana daidai. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san Agusta wane wata ne, hatsin bara ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, na bana bai nuna ba, kowa yana gona tun asuba. Ni da ubana manomi ne ya kamata in fi kowa sanin haka, amma zaman birni ya mantar da ni. Mun tsara nazarin Littafi Mai Tsarki ƙarfe tara na safe, muka zauna da littattafanmu, babu wanda ya zo sai tsohuwa ɗaya da jikokinta, har shugaban tafiyarmu ya fara ƙorafin wai mutanen nan ba su da ƙishin maganar Allah. Ƙato goma sha ɗaya kuma muna cin tuwon gero safe da dare daga rumbun Baba. Mun zo da shinkafa da taliya, gaskiya ne, amma Mama ta ƙi yarda baƙi su ciyar da kansu, sai da na leƙa rumbun wata rana da ta aike ni na ga damin da ya rage a ƙasa, jikina yayi sanyi.

Ranar da aka kusa samun matsala ita ce ranar kasuwa. Mun shirya za mu kafa lasifika a bakin kasuwa mu yi wa'azi, da dare mu haska majigi a fili, irin yadda muka saba a gida in mun fita wa'azin ƙungiyar bishara ta Sabon Rai. Har an ɗora janareto a baro sai Baba ya fito yace 'ya'yana ina zuwa? Muka faɗa masa. Yayi shiru, sannan yace kun gaida mai gari? Kun gaida liman? Muka ce a'a. Ɗaya daga cikinmu, yaro mai zafin kai, yace Baba ai ba ma jin kunyar bishara. Har yanzu ina jin muryar tsohon nan, bai ɗaga ta ba ko kaɗan, yace "ɗana, kai ranar Talata za ka hau mota, ni a nan za a binne ni." Sannan ya ba mu labarin Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai kan zanen ɓatancin jaridar Faransa ɗin nan, yace su a garin ba abin da ya same su, don maƙwabcinsa da wasu dattawa ne suka shimfiɗa tabarma a ƙofar cocin suka wuni a wajen. Yace wannan tabarmar shekara ashirin na yi ina saƙa ta, da zuwa suna, da zuwa gaisuwar mutuwa, da rakiyar mara lafiya asibiti cikin dare, kada ku yage min ita da yamma ɗaya.

Aka sauke janareto. Da la'asar ya kai mu muka gaida mai gari muka gaida liman, muka tsuguna yadda ya kamata. Majigin an haska shi daga baya a cikin harabar coci, ƙofa a buɗe, wanda ya ga dama ya shigo, kuma mutane sun shigo sosai. Babbar Sallah ta same mu a can, na ga yadda suke banƙare rago a kan itace a jera su kewaye da wuta ya wuni yana gasuwa, sai kashegari a yi rabo, kuma kwanon nama ya riƙa shigowa gidan Baba daga gidajen da mu ko sallama ba mu yi musu ba da muka zo.

Gwanjon kuwa da mun san haka da mun bar shi Kaduna. Mun raba wa 'yan coci bayan sujada, ana ta hoto, kafin dare labari ya zaga gari cewa baƙi sun zo da kaya amma sai wanda ke shiga coci ake ba. Ka ga mun ɗora wa Baba zargin da ya daɗe yana gudu, wai Kirista da kaya suke sayen mutane. A cikin cocin ma sai da mata biyu suka daina magana kan wani leshi. Fenti kuma mun shafa wa bangon coci ciki da waje, shuɗi da fari, kwana uku muna yi, bangon da ya sha ruwa bai bushe ba, babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa riƙe buroshi. Akwai magini a cikin membobin, yana dawowa daga gona ya tsaya ya kalle mu ya wuce. Da mun ba shi kuɗin fentin da ya gyara kwanon da ke yoyo daidai kan bagade, wanda kullum ake tara masa roba, shi ma ya samu na cefane.

A kwana na bakwai zazzaɓin cizon sauro ya kada ɗaya daga cikin 'yan matanmu, tana ta amai, dole aka nemo mota muka kai ta Galmi. A nan ne na ga wani abu da ya gyara min tunani, don da na fara yanke hukuncin cewa duk tafiyar gajeren lokaci shirme ce. Asibitin Galmi turawan mishan na ƙungiyar SIM ne suka buɗe shi tun 1950, su ɗin da suka fara aiki a Nijar daga Damagaram a 1924, kuma su ne tushen ɗarikar cocin ECWA a wajenmu Najeriya. Mutane ne cike a harabar, Hausawa, Buzaye, Fulani, har daga Najeriya ana zuwa. Na yi hira da wata baturiya ma'aikaciyar jinya da tazo na wata ɗaya kacal, ita ma gajeren zuwa ne kamar namu, amma bambancin shi ne an kira ta ne don akwai gurbin da za ta cike, ta tarar da aiki yana tafiya ta sa hannu ƙarƙashin waɗanda suka daɗe a wajen, in ta tafi kuma aikin ba zai tsaya ba. Mu kuwa mun zo da aikinmu a aljihu muna neman inda za mu sauke shi. Kuma ka duba, kwana biyu Baba ya bar gonarsa yana jinyar baƙuwar da tazo taimakonsa.

Da muka dawo Kaduna aka ba mu minti ashirin a sujada mu bada shaida. Muka nuna hotuna, coci fes da sabon fenti, yara na dariya, aka yi ta tafi ana ɗaukaka ga Allah. Ni ma na yi magana, nace tafiyar ta canza rayuwata, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Sati biyu na farko ko ragowar abinci ba na iya zubarwa, ina tashi addu'a ƙarfe biyar, har na je na tambayi yadda ake shiga EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, da kuma wata ƙungiyar bishara CAPRO da aka fara a Zariya a 1975, su ne ke tura mutane su zauna shekara da shekaru. Kafin Kirsimeti duk wannan wutar ta mutu, na koma yadda nake. Guruf ɗin WhatsApp da muka buɗe ya koma wajen tura gaisuwar ranar haihuwa. Ba ina zagin kowa ba ne, ni ne na farko a ciki, kuma ina ganin yawancin masu irin wannan tafiya haka suke, sai dai ba a faɗa a gaban ikilisiya.

Mun yi alkawarin komawa duk shekara, amma a Agustan 2019 Najeriya ta rufe boda, korona ta biyo baya, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa. Ba mu koma ba har yau. Abin da ya rage dai shi ne mu uku cikin goma sha ɗayan mun ci gaba da kiran Baba, kuma a wani kira ne, wajen wata biyar da dawowarmu, na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya kamata a tambaya tun farko. Yayi dariya yace fentin ku dai ya ɓare tun kafin a yanke gero, amma yara har yanzu suna rera waƙar da kuka koya musu. Nace Baba tsakani da Allah zuwanmu ya amfane ka? Yace ya ji daɗi, don shekara da shekaru ba wanda ya taka ya zo ya yi sujada tare dasu, membobinsa sun ga ashe ba su kaɗai ba ne masu bi da Hausa. Sannan yace amma in za ku sake zuwa ku zo da rani, ku zo ku biyu ko uku, kada ku kawo komai, ku zo ku zauna.

Daga nan ne muka fara haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata muna aika masa ta hannun wani direban Jibiya, shi ke yanke abin da za a yi dashi, ba ma neman hoto. Kwanon coci maginin nan ne ya gyara. Kwanaki matasan cocinmu na yanzu suka zo wai in ba su shawara suna shirin zuwa Chadi, na tambaye su wa ya gayyace ku, suka kalli juna. Na ba shugabansu wayata nace ya nemo lambar faston can mu kira shi yanzu, har yanzu dai bai kawo lambar ba, amma na ji an riga an kai rigunan wajen mai bugawa.