Nyungwe: dajin da gajimare ke kwana a cikinsa

Yawancin masu zuwa Nyungwe gadar nan mai lilo da aka rataya a saman bishiyoyin dajin ce ke kai su, wadda ake ta ɗora hotonta a Instagram, amma ni dai a ganina tafiyar ƙafa cikin dajin ta fi gadar nesa ba kusa ba. Gandun yana kudu maso yammacin Ruwanda dab da iyakar Burundi, daga Kigali wajen awa biyar ne a mota, kuma titin kwana-kwana ne har ka isa, mai saurin jiri ya shirya. A 2004 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Daga Uwinka, cibiyar karɓar baƙi ta gandun, muka tashi, ba a shiga sai da ɗan jagora. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ba ruwan sama ake yi ba amma komai sharkaf yake, ashe gajimare ne ke ratsa bishiyoyi saboda wurin ya haura mita 2,000 a sama, sai danshin ya maƙale a ganye da gansakukar da ta lulluɓe kowane reshe yana ɗiga a hankali, na matsa gansakukar da hannu wallahi kamar soso, ruwa mai sanyi ya biyo min har gwiwar hannu. Wannan ɗigon ba wasa ba ne fa, dajin yana kan tudun da ya raba ruwa biyu, wani ya gangara yamma ya faɗa Kogin Kongo, wani ya yi gabas ya bi Nilu.

Birai kuwa ba a magana, iri 13 ne a dajin har da cimfanzi, mu dai kolobas muka gani masu baƙi da fari da dogon gashi a kafaɗa, kafin ka gan su za ka ji rassa na karkaɗawa a samanka. Kwarkwasa ma na nan, ka cusa ƙafar wando cikin safa in ba haka ba za ka yi rawar da ba kiɗa.

Gadar tsawonta mita 160, tsayinta daga ƙasa ya kai mita 70, tana lilo sosai, in hazo ya rufe ba ka ganin ƙasan ma. Ta yi kyau, ba laifi.

Sai dai hanyar Igishigishigi da ke kai ka can gangara ce wajen tafiya, kowa na ta hira da dariya, a dawowa ne ake gane maza, hawa ne ga santsi ga iska ba ta isar huhu, duk taku ashirin sai ka tsaya kana haki. A taho da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa, sandar da za a miƙo maka a bakin hanya kuma kar girman kai ya hana ka karɓa.