Tarihin Rayuwata: Ɗan Wanzami a Shagon Aski (Kashi na 6)

A makon jiya na tsaya ne inda Baba ya haƙura, ba don ransa ya so ba, ya bar ni na rataye zabira na tafi koyon askin inji a shagon maigidana da ke Fagge. To, shekarar 2012 ce ta fara ba ni kujerar kaina, ita ce kuma ta kusa raba ni da ita.

Da zafinta ta shigo. Ranar 1 ga Janairu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, sai da aka sha zanga-zanga sannan ta sauko 97. Mai shagon aski kuwa ransa a hannun janareta yake. Nan maigida ya kafa mana doka: in an tada inji, ba hira, ba musun ƙwallo, hannu kawai.

Askin da ake yi a lokacin bai fi a ƙirga ba. Dattawa tal-kwabo, su ma yawancinsu tabarmar Baba suke nufa, don sun ce inji ba ya fitar da zafin kai kamar aska. Magidanta saisaye: a maƙala wa bakin inji ɗan matajin roba, lamba ɗaya ya bar kamar milimita 3, lamba biyu milimita 6, a bi kai a daidaita. Samari kuma lokot da gyaran fuska, a ɓare sabuwar reza a gabansu, a fitar da layin goshi tsaf, a bi da sifirit da hoda.

Waɗanda na fi jin daɗin aikinsu su ne masu son sumarsu ta kwanta ta yi layi-layi, kamar yashin da ruwa ya bi ta kansa. Sai ka ga yaro ya je kasuwar Sabon Gari ya zuba kuɗi a gwangwanin mai, alhali aikin na burushi ne. Tawul mai ɗumi a ɗora minti biyu, man kaɗanya ɗan lakace a murza a tafin hannu har ya narke, sannan burushi daga tsakiyar kai zuwa goshi, gefe kuma ya gangara wajen kunne, safe da yamma, a kwana da hula mai kama kai. Shi ke nan. Basilin dai ban taɓa yabonsa a kai ba. Ka lafta shi ka hau titin Kano, kafin la'asar kanka ya kwashi ƙurar da za a iya shuka gero a kai.

Ana cikin haka Balotelli, ɗan wasan ƙwallon Italiya, ya rikita mana gari. Daren 28 ga Yuni, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai, ya zura wa Jamus ƙwallo biyu, ya tuɓe riga ya ƙame. Ina gidan kallo a daren, bencin da nake kai har karyewa ya yi. Sifaniya ta lallasa Italiya huɗu da nema a wasan ƙarshe, amma wa ya damu? Washegari kowane yaro so yake a yi masa irin askin Balotelli, a kwashe masa gefe da gefe, a bar siririn layi a tsakiya. Maigida ya ce duk wanda ya yi wannan askin a shagonsa ya nemi wani ubangidan.

Ƙaramar sallah ta faɗo a watan Agusta. Daren jajibere, ana yayyafi, layi har bakin kwata, mai ya ƙare wa janareta saura kaɗan, maigida ya ɗauki jarka ya fita. Wanda ya hau kujerata ɗan limamin unguwarmu ne, bai fi shekara goma sha huɗu ba. Ya raɗa mini: "Yaya, don Allah na Balotelli. Hula zan sa, Malam ba zai gani ba." Ya zaro 'yar kwalbar haidurojin, ruwan wanke ciwo, da ya sayo a kemis, wai a rina masa layin ya yi fari.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kuɗinsa ne ya ja ni ba. Hannuna ne ke ƙaiƙayi. Wata ɗaya da rabi ina zana askin nan a raina.

Na kwashe gefen, na fitar da layin kamar an sa rula, har masu jira suka fara tafi. Rinin ne ya tona mini asiri. Haidurojin na kemis ba ya mai da baƙar suma fari, sai dai ja-ja kamar gashin masara. Ya kuma gangaro kan fatar da reza ta bi yanzun nan, yaro ya daka tsalle yana fifita kai da hannu biyu. Muka wanke, ya danna hula, ya fice kafin maigida ya dawo.

Liman bai zo shago ba. Gidanmu ya zo, bayan asuba, riƙe da hannun yaron. Ina daga soro na ji sallamarsa, cikina ya ɗuri ruwa.

"Allah gafarta Malam, lafiya da sassafe?" in ji Baba.

Malam bai ce komai ba, hular kawai ya cire. Can ya karanto hadisin Abdullahi ɗan Umar na hana aske wani sashe na kai a bar wani, a hankali, ba faɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya shimfiɗa buzu, ya zaunar da yaron, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya wasa aska a fata. Kafin ya ɗora ta sai ya tsaya yana bin layin da babban yatsa, daga goshi har ƙeya.

"Kai, zo nan. Me kuke kiran wannan?"

"Balotelli, Baba."

"Zanko dai. Ni na yi wa yara ya fi ɗari a ƙauye kafin a haife ka, har da masu tukku. Malamai suka yi magana muka bari." Ya ƙara dubawa. "Amma layin ya miƙe. Da me ka fitar?"

Na ce da reza. Ya gyaɗa kai, ya share zankon da jan aska uku, ya shafa man kaɗanya inda fatar ta yi ja. Malam ya miƙa ladan aski, Baba ya ƙi karɓa.

Har muka kama hanyar Idi bai sake ce mini uffan ba. Sai a bakin masallaci na hango maigidana tsaye, liman na yi masa magana a kunne.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.