Saƙon da na kai babban taro na dawo da shi a aljihu

Makon da ya wuce wani matashi ya tare ni a gindin darbejiya bayan sujada, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Malam, an zaɓe ni wakili." Na yi masa barka. Kafin in rufe baki ya tambaye ni wane tela ne ya fi iya ɗinkin babbar riga a Kano. Dariya ta kama ni, amma ba ta daɗi ba ce, domin ni ma tambayar da na fara yi ke nan ranar da aka zaɓe ni. Don haka, ƙannena, ku matso in ba ku labarin wuni guda da na ɓata a Babban Sinod, wato babban taron wakilan ikkilisiyarmu ta Angalika.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a kudancin jihar Kano, cikin garuruwan da kakanninmu Maguzawa ne. Majami'armu ginin ƙasa ce da rufin kwano, in aka yi ruwan sama sai mai wa'azi ya dakata. Daga irin wannan wuri aka ɗauke ni zuwa taron da ke haɗa Angalika na Najeriya duka. Ikkilisiyar ta tsaya da ƙafarta ne ranar 24 ga Fabrairu 1979, Timothy Olufosoye ne shugabanta na farko. Yau tana da larduna 14 da dayosis (yankin da bishop guda ke kula da shi) sama da 150. Mu na Kano da Bari da Dutse muna lardin Kaduna, tare da su Wusasa, Zariya, Ikara da Katsina. Babban Sinod yana zama ne sau ɗaya a shekara uku, kuma zaure uku ne a cikinsa: na bishop-bishop, na firistoci, da na sauran masu bi irina. Duk wannan daga baya na koya. Ranar da na tafi, abin da na sani kawai shi ne za ni inda manya suke.

Daren da zan tashi, Baba Katikis, mai koyar da addini a majami'armu, ya tara dattawa a zaurensa. An kunna fitila, aka zaunar da ni a tsakiya kamar ango. Saƙonsu biyu ne, ba su da yawa. Na farko, masu bishara na ƙauyuka ba sa iya ciyar da iyalinsu da abin da baiko ke kawowa, shi ya sa da rani ya shigo sai su tafi cirani, majami'a ta zauna wata huɗu ba mai karanta Littafi. Na biyu, littafin addu'a na Hausa guda uku ya rage mana, duk an ɗaure bayansu da zare, yara sun fara haddace addu'o'in da kuskure saboda shafukan sun zube. Baba ya maimaita mini har sau uku, yana buga sandarsa a ƙasa. Na ce, "Baba, na ji, kada ku damu." Ban rubuta ko kalma ɗaya ba. Malamin makaranta guda, mai dukan yara in sun zo ba biro!

Da zan fita, Iya shugabar zumuntar mata ta kwance bakin zaninta, ta ciro kuɗi a cukuikuye ta danƙa mini, da ƙullin ƙuli-ƙuli da ɗan yaji a leda. Ta ce, "Ɗana, an ce abincinsu ba irin namu ba ne. Ka faɗa musu muna nan." Kuɗin na gyaɗar da matan suka sayar ne. Har yau in na tuna wannan leda sai in sunkuyar da kai.

Kuskuren gaske ya riga wannan dare. Mako uku kafin tafiya ofishin dayosis ya aiko mini da wani littafi mai kauri, duk Turanci: jadawalin taro, rahotannin kwamitoci, lissafin kuɗi, da ƙa'idojin magana a zaure. Na buɗe, na ga tebur-tebur na lambobi, na rufe na jefa a ƙasan akwati na ɗora sabuwar riga a kai. Lokacin gero ya nuna, na ce ina da uzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni ko ranar tafiyar ban fafe ba. Ku da za a aika, wannan littafin shi ne rabin aikinku. Ku karanta shi da fensir a hannu, in Turancin ya yi tsauri ku kai wa rabaran ɗinku ku zauna tare. Ku nemo wurin da maganar garinku za ta shiga, domin taro irin wannan ba dandali ba ne, kowace magana da ƙofarta da lokacinta.

Mun hau doguwar bas a New Road ta Sabon Gari da yamma, muka bi Zariya, Kaduna, Abuja, muka tsallaka Neja kusa da Lokoja cikin dare. Wani rabaran da ke kusa da ni ya tashe ni ya nuna mini duhun ruwan, ya ce a kan wannan kogi Samuel Ajayi Crowther ya yi aikinsa, ɗan Afirka na farko da ya zama bishop na Angalika, a 1864. Na gyaɗa kai na koma barci. Sabon takalmi kuwa ya riga ya fara cin dunduniyata tun ba mu isa ba.

Wunin da nake son ba ku labari ya fara da Jibin Ubangiji da sassafe. Ba zan ɓoye muku ba, na ga abin da ya cika mini ido. Bishop-bishop sun jero da rigunansu ja da fari, layin ya ƙi ƙarewa, mawaƙa suka ɗaga murya har na ji ƙirjina yana rawa. Ni da na saba da ganga ɗaya da tulu da caki. Nan take wani abu ya shige ni: na ji ni ba kowa ba ne, Hausata kuma kayan ƙauye ce da ya kamata in ɓoye. Wauta ce tsantsa. Tun 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su, amma aikin bai mutu ba, ya kafu a Zariya, ya koma Wusasa a 1929, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Harshen da nake jin kunyarsa ya daɗe a cikin ikkilisiyar nan fiye da mafi yawan waɗanda ke zauren. Shugaban da ya karɓi ragama a 2020 ma, Henry Ndukuba, ya yi shekaru yana bishop a Gombe. Arewa ba baƙuwa ba ce a can, ni ne na mai da kaina baƙo.

Bayan nazarin Littafi da karin kumallo aka shiga zaure. Shugaba ya yi dogon jawabinsa, aka shiga rahotanni. Kowa yana juya shafi, ana cewa a duba shafi kaza, ni kuwa littafina yana masauki a ƙasan akwati. Na riƙa gyaɗa kai in aka gyaɗa, in aka ɗaga hannu in ɗaga. Na kaɗa ƙuri'a sau biyu a kan abin da har yau ban san mene ne ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: mutanen ƙauye guda sun haɗa kuɗin gyaɗa sun aiki mutum, ya je yana ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

Da rana aka sanar cewa bayan abinci za a rabu rukuni-rukuni, kowa ya duba lambar da ke katin wuyansa. Na duba, na ga tawa. Amma a waje an baje rumfuna, ana sayar da littattafai, da atamfa mai tambarin ikkilisiya, da kalanda, ga masu hoto suna kira. Na ce a raina, zaman rukuni ai na 'yan kaɗan ne, manya ba sa ciki, ni kuwa a gaban manya zan yi magana. Na tafi na sayi atamfa turmi ɗaya, na bi layi na kusan awa guda don in ɗauki hoto da wani bishop da bai san sunana ba. Hoton yana nan a bangon ɗakina. Na bar shi ne da gangan.

Da la'asar aka koma zaure, aka ba da dama ga masu tambaya a kan rahoton kuɗi. Na ce ga ranata. Na miƙe, babbar riga na jan ƙasa, na ɗingisa zuwa lasifika. Sai na fara yadda aka koya mini a gida, domin ɗan halak ba ya shiga magana bai gaisa ba. Na gai da shugaba, na gai da akbishop-akbishop, na gai da bishop-bishop da iyayenmu matansu, na gai da lauyoyin ikkilisiya, na kawo gaisuwar mutanen garinmu, na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, duk da Turancin da nake fassarawa a kaina kafin ya fito. Ina cewa "yanzu ga abin da ke tafe da ni" sai ƙararrawa ta kaɗa. Lokacina ya ƙare. Mai jagorantar zaman ya yi murmushi, ya tambaya cikin ladabi ko ina da tambaya a kan lissafin. Ba ni da ita. Na ce na gode, na koma na zauna, gumi yana bin bayana. Ba wanda ya yi mini dariya, kuma wannan ya fi ciwo.

Ba ina cewa ku bar gaisuwa ba ne, Allah ya kiyaye. Amma inda aka ba ka minti biyu ko uku, gaisuwa jimla ɗaya ce: ka gai da mai jagorantar zama, ka faɗi sunanka da dayosis ɗinka, ka shiga magana. Ka rubuta ta tun a gida, ka karanta wa matarka ko abokinka da agogo a hannu. In kana son taro ya yanke shawara, sai an rubuta ƙuduri, a sami mai mara masa baya, kuma ya fi kyau ya biyo ta hannun bishop ɗinka da sauran wakilanku, ba ka tashi kai kaɗai kamar an jefo ka ba. Ni ko Baba Bishop ban gaya wa abin da ke bakina ba, alhali masauki ɗaya muke cin abinci.

Da dare na ja farantina gefe na zauna, na kwance yajin Iya ina barbaɗawa a kan shinkafa. Sai wata dattijuwa mai farin ɗankwali ta tsaya kaina ta ce, da Hausa tas irin ta Kano, "Ɗan'uwa, wannan yajin na daddawa ne? Sammini." Na kusa yar da cokali. Ashe a Sabon Gari aka haife ta, ta girma a can kafin iyayenta su koma kudu. Ta zauna, ta duba katin wuyana, ta ce, "Au, kai ne ba ka zo ba! Rukuninmu ɗaya, ni ce magatakarda. Mun kira sunanka sau biyu."

Na tambaye ta me aka tattauna. Ta ce bishara da ikkilisiyoyin karkara. Su wajen ashirin ne, sun zauna a da'ira, kowa ya yi magana son ransa ba ƙararrawa, har wani ya yi da harshensu aka fassara masa. Sun nemi wanda zai gaya musu halin ƙauyukan Arewa daga bakin mai zama ciki, ba su samu ba. Na zayyana mata saƙon Baba Katikis a nan kan tebur, cikin Hausa, bai ɗauke ni minti biyar ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka ga da ka faɗi wannan da rana, da yanzu yana cikin takarda. Na riga na miƙa rahoton." Ta rubuta mini a bayan jadawali yadda ake bi: daga kwamitin majami'a zuwa taron gunduma, zuwa sinod na dayosis da ke zama kowace shekara, daga nan ya hau sama da sa hannun mutane, ba da bakin mutum ɗaya ba.

Abin da ya fi duka muni a gida na yi shi. Ranar Lahadi aka ba ni dama in ba da rahoto. Na ba da labarin jerin bishop-bishop, da girman majami'ar, da gadar Neja, na zagaya da hoton kowa ya taɓa. Aka yi guɗa. Baba Katikis ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, saƙonmu fa?" Na ce, "Baba, na tsaya a gaban taro na yi magana." Ba ƙarya ba ce, amma ta fi ƙarya sharri. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, madalla." Wata uku ina kauce wa zaurensa.

Sai bayan Kirsimeti, ranar da mai bishararmu ya ɗaure kayansa zai tafi cirani, na je na durƙusa na faɗa wa Baba gaskiya duka, har da atamfar. Bai yi faɗa ba. Ya aiki jikansa ya kawo littafin rubutu na makaranta da biro, ya tura mini, ya gyara zama ya ce, "Rubuta. Na farko, masu bishara." Muka rubuta shafi ɗaya da rabi, dattawa biyar suka dangwala yatsa, Iya ta ce a sa nata ma. Takardar ta bi hanyar da dattijuwar nan ta zana mini, kuma ni na karanta ta a sinod na dayosis a shekarar da ta biyo, da tsohon takalmina, cikin minti biyu.

Shi kuwa matashin da ya tare ni a gindin darbejiya, na ba shi sunan telan, don ɗinkinsa ba laifi. Na kuma ce ya zo gidana ranar Asabar da littafin rahoton da fensir, ya biya ta wajen dattawa tukuna.