Inda na kai da garin likofodiyum

'Yan'uwa masu gwajin kimiyya a gida, ga inda aka kwana. Garin likofodiyum, wata ƙurar tsiro da nake gwaje-gwaje da ita, ya iso Garwa cikin 'yar kwalba, ta hannun wani malamin makaranta a Ngaundare. Launinsa rawaya-rawaya ne, ya fi kwalli laushi. Ƙurar iri ce ta wani ɗan tsiro mai rarrafe a ƙarƙashin itatuwa, inda ake da sanyi da laima. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai 'yan zangarniyoyi da yake ɗagawa sama, a cikinsu garin yake. A zafin nan namu kada ma ku wahalar da kanku nemansa.

Gwajin ruwa ya kammala. A barbaɗa garin a kwano har ya rufe fuskar ruwan, sannan a tsoma yatsa a hankali. Garin zai lulluɓe yatsan ya bi shi ciki, a fito da shi a bushe ƙayau. Ruwa ba ya kama wannan ƙura, kuma a da masu haɗa magani kan birgima ƙwayoyi a cikinta don kada su manne wa juna.

Na wuta shi ya fi cin lokacina. Ka tara garin a cokali ka kanga masa ashana, da ƙyar zai ci. Amma ka hura ɗan kaɗan ta bututu zuwa harshen kyandir, sai fau! Wuta ta tashi ta mutu kafin ƙiftawar ido, domin ƙurar na da maiƙo sosai, ga iska ta kewaye kowace ƙwaya. Da wannan masu wasan kwaikwayo a Turai ke yin walƙiya a dandali a zamanin da, kuma da shi wasu 'yan'uwa biyu masu ƙirƙira da ake kira Niépce suka tayar da injinsu a Faransa a 1807. Chester Carlson, wani Ba'amurke mai ƙirƙira, shi ma da garin nan ya fitar da fotokofi na farko a 1938, shi kuwa ba ruwansa da wuta.

Wanda bai samu ba, sitacin masara busasshe da aka tankaɗe yana ba da wuta, ko da yake bai kai shi ba. A gwajin ruwa kam ba ya amfani. Don Allah a tsakar gida za a yi, nesa da zana da bunu, kada a shaƙa, yara kuma su ja baya.

Saura gwajin sauti na Kundt, wani Bajamushe masanin kimiyya, inda garin ke jeruwa tudu-tudu cikin bututu idan sauti ya ratsa shi. Dogon bututun gilashi nake nema. Mai shi a Garwa ko Marwa ya yi magana.