Abin da na ɗauko daga ɗakin ɓeraye

Makon jiya na miƙa katin shiga ɗakin dabbobi, na bar binciken kitse da insulin da na daɗe a kansa. Ƙannena masu shirin shiga wannan fanni nake yi wa rubutun nan, kuma mafi yawansa kan abu guda ne da har yau yake ci mini rai.

Aikinmu shi ne mu cire wata ƙwayar halitta daga kitsen ɓera, mu ɗora shi kan abincin nan da kashi 60 cikin 100 na kuzarinsa daga mai yake, mu ga ko jikinsa zai ci gaba da jin insulin. Sakamakon farko ya faranta ran kowa. Idan aka yi musu allurar suga, sugan jinin waɗanda aka cire wa ƙwayar yakan sauka da wuri fiye da na ɓerayen kwatance, wato waɗanda ba a cire musu komai ba. Farfesan da ke shugabantar aikin ya kai labarin taro, ya gina neman sabon tallafi a kansa.

Da kiwon ɓerayen ya dawo hannuna, sai na bi takardun asalinsu. Namu 'yan zuriyar C57BL/6N ne, wani reshe na ɓerayen bincike (6N a taƙaice), na kwatancen kuwa 'yan ɗaya reshen ne, C57BL/6J (6J), da ake sayowa. Duka baƙaƙe ne, ido ba ya raba su. Amma tun 1951 gidan ya rabu biyu, lokacin da aka kai wasu daga cibiyar Jackson ta jihar Maine zuwa NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, waɗanda suka zama 6N. Daga baya 6J suka rasa wani yanki na ƙwayar Nnt, mai aiki a cikin mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari, kuma tun wajajen 2005 aka nuna hakan na rage insulin ɗin da fankiriyas ɗinsu, gaɓar da ke yin insulin, ke fitarwa idan suga ya hau. Wato da rauninsu suka zo mana tun daga haihuwa, mu kuma muna ta yabon ƙwayar da muka cire.

Na haɗa auren ɓerayen, na jira, na gwada 'yan ciki ɗaya da juna. Tazarar nan da ake alfahari da ita ta kusa ɓacewa.

Ban kai maganar gaban jama'a ba. Ofishin Farfesa na same shi, na zauna cikin ladabi na nuna masa. Ya ce an ɗauke ni ne don gwaji, ba don bin salsalar ɓera ba. A taron mako kuma, a gaban ɗalibai, ya ce hannuna ne bai iya allura ba. Mutanen da suka tsaya kusa da ni ina yin allurar nan suka yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. Ban ga laifinsu sosai ba, bizarsu da albashinsu duk a hannunsa suke, amma shirun ya fi maganarsa zafi. Aka ɗauke ni daga aikin, aka mayar da ni tantance ƙwayoyin halittar ɓeraye daga guntun wutsiyoyinsu, sunana ya fita daga maƙalar. Rashin sunan na haƙura da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wani ɗalibi a wata ƙasa zai karanta, ya yarda, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman abin da babu. Littafina na kiwo yana nan, kowane keji da uwa da uba a rubuce, kuma wadda ta gaje ni shi ta fara nema.

Saboda haka, ɓeran kwatance ya zama ɗan ciki ɗaya, kuma ku adana kwafin bayananku da kwanan wata kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar oga.

Sauran gajeru ne. Ɓera da dare yake cin abinci, hana shi ci na awa 16 kafin gwaji yunwa ce mai sauya sakamako, awa 5 zuwa 6 ta isa. Ɗaki mai digiri 22 sanyi ne a wurinsa, sai wajen 30 yake daina ƙona kitse don ɗumama jiki. Jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe yana cinye insulin ɗin cikinsa, kada ku yarda da adadinsa. Lissafin HOMA na 1985, mai kimanta yadda jiki ke jin insulin daga adadin suga da insulin na jini, da jikin mutum aka gina shi, ba ya maye gurbin gwajin kilam (clamp) na DeFronzo na 1979, mai auna hakan kai tsaye.

Akwai kuma HbA1c, gwajin jini mai nuna matsakaicin sugan mutum na watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Binciken da aka buga a 2017 kan baƙar fatar Amurka ya nuna masu jinin AS kan nuna adadi ƙasa da ainihin sugansu. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma asibitocinmu na ƙara dogaro da gwajin wajen gano ciwon suga. Wannan tambayar zan koma gida in bi, in sha Allahu, da jinin mutanenmu.