Takalmin da ba a saya wa yaro don baɗi

A gidanmu a Zariya, idan Baba ya kai mu kasuwar Sabon Gari sayen takalmin Sallah, da babban yatsansa yake awo. Zai danna bakin takalmin, in ya ji fili ya rage sosai, sai ya ce a naɗe. Ragowar wurin a cusa tsohuwar jarida. "Zai girma ya cika shi." Da wannan ilimin na sauka birnin Winifeg na lardin Manitoba a Kanada a ƙarshen 2022, kuma shi ne abin da ya fi wuyar kankaruwa daga kaina a shagon da na samu aikin bayan lacca.

Shagon na kayan hokin ƙanƙara ne, wato ƙwallon gorar da ake bugawa a kan daskararren ruwa da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Lokacin ko taka ƙanƙara ban taɓa yi ba. Mai shagon dattijo ne da wasan ya riga ya cinye wa gwiwoyi, zan kira shi Maigida. Wata guda cur bai bar ni na sayar da ko igiyar takalmi ba. Aikina in durƙusa a gefensa ina kallon ƙafafun mutane.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne lamba. Mutumin da ke sa lamba 10 a takalmin yawo, a awon Amurka, a nan 8 da rabi ko 9 zai sa. Dalilin kuwa yana ƙarƙashin ƙafa. Kaurin wuƙar bai wuce milimita 3 ba, kuma a kanta duk nauyin mutum yake, yana gudu, yana juyawa, yana cin birki. Jikin takalmin ƙandas yake kamar kwano, don ya riƙe idon sawu. In ƙafa tana yawo a ciki, ƙarfin da ɗan wasa ya tura ba ya isa ƙanƙara, sai ka ga idon sawun ya karkace ciki kamar ƙafar sabon ɗan maraƙi.

Awon Maigida ba ya canzawa. Mutum ya zauna ya buga diddigensa ƙasa don ya shige can baya, a ɗaure, ya miƙe. Yatsu su ɗan shafi bakin takalmin, shafa kawai, ba lanƙwashewa ba. In ya rusuna kamar mai shirin gudu, yatsun su ja baya. Diddige kuwa ko kaɗan kada ya ɗaga. Sai a kwance igiya, a jawo harshen takalmin gaba, a gitta fensir a kan huda ta uku daga sama. In fensirin ya kwanta lafiya, zurfin ya isa. In ya hau kan ƙafa yana lilo, igiya za ta riƙa cizon jijiyar gaban idon sawu har ta kumbura. Faɗi ma da nasa haruffa, D na matsakaiciyar ƙafa, EE na mai faɗi. Kamfanin Bauer mai ƙera takalman hoki tun 2020 ya kasa nasa gida uku, daga siririyar ƙafa zuwa cikakkiya. Ni da na tashi cikin silifa, EE ce tawa ba gardama.

Duk wannan na haddace shi tsaf. Amma ranar da aka gwada ni, haddar ba ta hana ni faɗuwa ba.

Wata Asabar ce a watan Janairu, sanyi ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili, Maigida ya fita. Wani bawan Allah ya shigo da ɗansa mai shekara takwas, ya ji ina sallama da ƙanena a waya da Hausa, nan take fuskarsa ta washe. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Na auna yaron, lamba 1 ta yara ta fito.

"Malam, kawo lamba 3. Ƙafar yaron nan kamar ana janta take."

"Alhaji, ai wannan takalmin ba kamar na gida ba ne, in ya yi yawa..."

"Haba, kai ma fa ɗan gida ne. Dala ɗari biyu da wani abu, wata shida ya matse shi? A sa masa safa biyu."

Ya girme ni nesa ba kusa ba, ga shi ya kira ni ɗan gida. Na ce, "To, Alhaji, yadda ka ce." Na tambayi yaron ko ya yi masa, ya kalli babansa, ya gyaɗa kai. Na ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin shaida, alhali na san ba ni ya ba amsa ba.

Mako uku suka dawo, har da Hajiya. Diddigen yaron biyu duk sun yi bororo sun fashe, kocinsu ya ce ba ya iya tsayawa cak, shi kuma ya ce ya fasa wasan. Maigida bai ce mini uffan ba. Hannu ya zura ya zaro shimfiɗar cikin takalmin, ya ajiye a ƙasa, ya ce yaron ya taka. Tsakanin babban yatsa da ƙarshen shimfiɗar, yatsu biyu na babban mutum suka kwanta. Kowa ya gani da idonsa, babu sauran magana. Bayan sun tafi ne ya ce mini uban ya san aljihunsa, ni kuma an ɗauke ni aiki ne don in san ƙafar.

Na daɗe ina juya maganar, domin Alhaji bai yi ƙarya ba. Kayan hoki tsada gare su, yaro kuma kusan kowace kaka sai an canza masa. Laifina shi ne na bar shi da zaɓi biyu kacal, ko ya yi asara ko ya sayi babba, alhali ga kantar gwanjo a bayana. Yara kan fi ƙarfin takalmi tun bai tsufa ba, don haka na hannu mai kyau ba ya wuyar samu. A matsa wuyansa a ji ko da sauran ƙarfi, a duba ko wuƙar tana da sauran tsawon da za a wasa, a girgiza a ji ko ƙusoshin da suka riƙe ta sun saki. A ranar Maigida ya ba su lamba 1 da rabi na hannu a ƙasa da rabin kuɗin sabo. Rabin lamba shi ne iyakar rarar da ake ba yaro: ya tura yatsunsa gaba, yatsa ɗaya ya shiga bayan diddige. Tun daga nan na daina tambayar yaro "ya yi?" a gaban iyayensa. Sai in ce ya nuna mini inda yake jin taɓi, in sa shi ya zaga shago ina kallon diddigen.

Akwai kuma gasa takalmi. Sabon takalmi mai kyau ana sa shi cikin wata 'yar tanda ta musamman, zafi wajen digiri 80, na 'yan mintoci, har jikinsa ya yi laushi. Mai shi ya saka yana zaune, a ja igiyar gefe-gefe ba sama ba don kada hudojin su yage, ya zauna kamar kwatan awa bai miƙe ba, kuma kada ya hau ƙanƙara sai an kwana. Gashi yana sa takalmi ya bi surar ƙafa, amma ba ya mayar da babba ƙarami. Na ga wanda ya gwada a tandar girkin matarsa, ya kawo mana gawar.

Washi kuwa sai da na shekara kafin a amince mini. Ƙasan wuƙar ba baki ɗaya ba ne, kwari ake yi a tsakiya ya bar kaifi biyu, na ciki da na waje. Galibi ana neman rabin inci ko 5/8, awon lanƙwasar kwarin ke nan, ba zurfinsa ba. In kwarin ya yi zurfi, wuƙa ta fi kama ƙanƙara amma gudu ya ragu, shi ya sa masu jiki suka fi son marar zurfi.

Sauran kayan kariya duk magana ɗaya ce, kada a bar kafa. Abin da ake bugawa faifan roba ne mai nauyin kusan giram 170, a manyan wasanni har daskarar da shi ake yi, kuma a 2012 ɗan wasa Zdeno Chara ya harba shi da gudun kilomita 175 a awa. Irin wannan ba ya neman babbar ƙofa. Makarin ƙwauri ya taso daga tsakiyar gwiwa ya sauka kan harshen takalmi, wando ya kai saman gwiwa, makarin gwiwar hannu ya haɗu da bakin safar hannu. In kaya ya yi yawa zamewa yake ya buɗe wurin da aka saye shi ya rufe.

Hular kwano ce kaɗai ba na yarda a saya a gwanjo, don ba ka san dukan da ta sha ba. Ta zauna yatsa ɗaya sama da gira, in an girgiza kai kada ta motsa, haɓa ta zauna cikin mazauninta a ragar fuska, kuma a Kanada sai da tambarin CSA, hukumar tabbatar da ingancin kaya. 'Yan mata masu kitso nakan ce su zo da irin kitson da za su riƙa wasa da shi, don shuku da kalaba ba hula ɗaya suke ci ba. Ina kuma gaya wa iyaye gaskiya cewa hula tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza.

'Yan wasan nan da taurin kai suke karɓar kariya, kullum sai jini ya zuba. Mai tsaron gida Jacques Plante sai da faifai ya fasa masa fuska a 1959 kafin ya kafe a kan sa makarin fuska. Gasar NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, ba ta wajabta hula ga sababbin 'yan wasa ba sai 1979, kuma ɗan wasa Craig MacTavish ya ci gaba da wasa kai a buɗe har 1997. Ranar 28 ga Oktoba 2023, a birnin Shafil na Ingila, wuƙar takalmi ta yanki Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers a wuya, ya rasu yana da shekara 29. Yaran Kanada dama dole ne su sa makarin wuya mai tambarin BNQ, hukumar ingancin kaya ta lardin Quebec, manya ne ke raina shi, wai yana shaƙe su. A makon da abin ya faru manyan suka yi layi a shagonmu, kwana uku kanta ta zama fayau.

Cikin layin har da Alhaji. Yaron bai fasa wasa ba, yanzu ma ƙanwarsa ce ta matsa sai an sa ta. Muna jira na ba shi labarin Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, har ya yi wa Atlanta Thrashers wasa, ƙungiyar da ta ƙaura zuwa Winifeg a 2011 ta zama Jets. Alhaji ya ce lallai Zazzagawa ba inda ba sa zuwa.

Da na kawo wa yarinyar takalmi, kafin in durƙusa ya riga ya zaro shimfiɗar da kansa ya ce ta taka. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ɗago.

"Malam, a ƙara rabin lamba mana."

"Alhaji, an riga an ƙara. Ga shi, yatsa ɗaya a bayan diddige."

Ya kalli hannuna, ya kalli nasa mai kauri, ya ce, "Yatsanka ko nawa?"